Tsinken Kaka da Katin Girafik

Ranar Asabar ce, saura kwana tara babbar sallah, a shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun hantsi nake zarya tsakanin ƙofar gidanmu da bakin titi, ina leƙa duk motar da ta taso daga Abuja kamar ɗan kwastan. Na je na dawo ya fi sau ɗari, har akuyar maƙwabta ta gaji da ɗaga kai ta dube ni. Umma ta aike ni markaɗe, na dawo da rabi a bokiti, rabi a wando. Ta ce in ba ragon layya dusa, na tsaya ina yi masa bayanin kwamfuta har ya juya mini baya. Yayana Hafizu nake jira, domin a jakarsa katin girafik zai iso.

Yaya Hafizu yana aiki a wani shagon buga takardu a Abuja, ya fita da asuba ya dawo a gajiye. Shekara guda ya yi yana haɗa kwamfutar gem guntu-guntu, kamar masu gini a Maje, bulo bana, kwano baɗi. Komai ya samu sai katin girafik, wato abin da ke zana hoto a fuskar kwamfuta. Idan babu shi, 'yan ƙwallon cikin gem sai su riƙa gudu kamar a cikin kunu.

Zaɓen katin nan ya hana ni sakat wata biyu. Abokan Yaya sun rabu gida biyu, masu son mai koren kwali da masu son mai jan kwali, suna musu a kan benci kamar magoya bayan ƙwallo. Ni ban san komai ba, amma na fi kowa ɗaga murya. Shi kuwa Yaya lissafinsa daban. Yana son kati mai giga takwas, wato mai babbar ƙwaƙwalwa, don kada sabbin gem su gagare shi. Yana tsoron mai shan wuta da yawa, saboda ƙaramin janaretanmu ko dutsen guga aka jona masa sai ya yi tari ya mutu. Ga zafin Suleja na bazara, wanda ke narkar da silifa. Ya ƙi na gwanjo, ya ce bai san bautar da aka sa shi a wata ƙasa ba. A ƙarshe saura biyu: gajere mai fanka biyu, da dogo mai fanka uku. Ni dai uku nake so, ko a mafarki fanka uku nake gani.

Abin da ya rage shi ne tsawo. Akwatin kwamfutar na gwanjo ne, ba suna ba takarda, ba wanda ya san faɗin cikinsa. Ranar Juma'a kafin ya fita Yaya ya ce, "Nazifi, aiki ɗaya na ba ka, ka auna mini cikin akwatin nan. Mai shagon ba ya karɓar kayan da aka yage ledarsa. In ka ɓata awo, ba ka taɓa kwamfutar nan sai ka yi gemu." Na shafa haɓata, sumul kamar ƙwai. Hankalina ya tashi.

Rulata ta riga ta karye a faɗan takobi da muka yi a aji. Sai na tuna da dabarar Kaka, mahaifiyar Babanmu da ke zaune tare da mu. Duk sallah ita ke auna mana ƙafa da tsinken tsintsiya, a tafi da shi kasuwa a sayo takalmi. Na zaro tsinke mai kauri, na sa a cikin akwatin, na karya shi daidai, na auna sau bakwai, na shafa wa bakinsa jan biro, na ajiye a kan taga. Washegari da sassafe Umma ta kora ni layin borihol, Yaya ya fita ban gan shi ba.

Sai bayan la'asar ya sauko daga mota, kwali a hammata. Mai fanka uku ne. Na yi tsalle har na taka kaza. Muka shiga ɗaki, ya yage leda, ya ɗauko katin da hannu biyu kamar jariri, ya nufi akwatin da shi. Kai ya shiga, gindi ya ƙi. Ya juya, ya karkata, ya yi bisimilla ya sake. Katin ya fi akwatin da yatsa uku cif.

Yaya bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya zauna a bakin gado yana kallon shekararsa guda a tafin hannu. Can ya zaro tsinken daga aljihu ya miƙo mini. "Ga awonka. Da shi na gwada a shago." Na karɓa, na duba wannan baki, na duba wancan. Babu jan biro.

Na fita tsakar gida a guje. Kaka na kan tabarma tana goga goro a magogi.

"Kaka, wa ya ba Yaya wannan tsinken?"

"Ni mana, maigidan. Ya ce ina tsinken Nazifi, na ɗauko a taga na ga ka yanke shi cif-cif, ko wurin numfashi babu. Sai na karyo wani na ƙara maka yatsa uku. Kana girma kamar masara, takalmin ya kai maka wata sallar."

"Ba takalmi ba ne, tsohuwa, kwamfuta ce!"

Ta tauna goronta a natse. "To ita ba ta girma ne?"

Nan na gane dalilin da ya sa duk rayuwata nake cusa takarda a bakin takalmin sallah ina tafiya kamar agwagwa. Yaya da ya biyo ni ya jingina da bango, ya rasa kuka zai yi ko dariya. Kaka ta dube shi, ta ga idonsa ya yi ja, sai ta ajiye magogin ta jawo mayafi. "Ku ɗauko mini gwangwanin. In takalmi ya matse, ƙafa ake yankewa?"

Ita a gaba, ni a baya da akwati a ka, har rumfar Malam Tanko mai ƙera murhun gawayi a bayan kasuwa. Ya auna da yatsunsa, ya huda gaban akwatin da kurfi, ya goge bakin da zarto, Yaya na runtse ido da kowane bugu. Katin ya shiga, hancinsa ya leƙo waje. Kaka ta sa aka rufe wurin da guntun rariya saboda ƙadangaru. Da aka kawo wuta washegari fankoki uku suka tashi, 'yan ƙwallo suka fita daga kunu. Yaya ya miƙo mini madannin gem ba tare da ya duba haɓata ba. Abokansa suka sa wa kwamfutar suna Mai Hanci, har daga Tafa ake zuwa kallonta.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, gemun ma ya fara leƙowa, gashi huɗu, na san kowanne. Yaya ya koma Abuja da zama, ya sayi akwati mai gilashi da fitilu, kuma tsawon kowane kati yana cikin waya, ba mai neman tsintsiya. Mai Hanci tana ɗakina, rariyar ta yi tsatsa. Kaka ta rasu bara da damina. Takalmin sallar bana ni na je kasuwa na gwada da ƙafata, ya zauna cif, ga shi har ya fara matsa ni. Tun da ta tafi, ba wanda ya sake ƙara mini yatsa uku.