Ranar da Na Riƙe wa Yaya Igiya

Mu gidan masu haƙar rijiya ne a Roni, tun kaka da kakanni. In rijiya ta cushe ko ta ƙafe, daga nan har Gwiwa, har ƙauyukan da ke bayan duwatsun Kazaure, a ƙofar gidanmu ake yin sallama. Babanmu a cikin rijiya ya rasu, ƙaninsa ma haka. Ba ruftawa ta yi da su ba, ba kuma ruwa ne ya ci su ba. An jawo su jikinsu sumul, babu ko ƙwarzane, amma babu rai. Mutane suka ce mai rijiyar ne ya shaƙe su, wato aljanin da ke zaune a ƙasa. Mu ma haka muka ce, don ba mu san wata maganar ba. Sana'a ta dawo hannun wana, wanda nake kira Yaya, ni kuma ina biye da shi. Lokacin da abin nan ya faru ina da mata da 'ya'ya biyu, saboda haka kada wani ya ba ni uzurin ƙuruciya.

Abu biyu muka gada da ba a taɓa su. Na farko turare. Kafin a shiga tsohuwar rijiya mai zurfi, sai a cika kasko da garwashi, a barbaɗa ƙaron hano, a zura shi ƙasa, a rufe bakin rijiyar da zana don hayaƙi ya zauna, mai rijiya ya san baƙi na tafe ya kauce. Na biyu igiya. Wanda ya shiga, ɗan'uwansa na jini ne ke riƙe kan igiyar, sauran mutane suna bayansa. Kuma ba a jawo mutum sai shi da kansa ya girgiza igiya sau uku. In ka jawo shi kafin nan, ka ce masa rago ke nan a gaban jama'a. Yaya ya taɓa shekara guda cur ba ya magana da wani ɗan baffanmu saboda wannan.

Shekarar da Turawa suka kawo aikin rijiyoyin siminti ƙasar Babura, aka aiko a ba da mutanen da suka san haƙa. Yaya ya ce shi ba ya aiki a ƙarƙashin wanda bai taɓa shiga rami ba, sai ya tura ni. Baturen ba kullum muke ganinsa ba. Ya zo ya leƙa, ya rubuta wani abu, ya wuce. Wanda ke kanmu heluma ne, wato shugaban leburori, wani dattijo Babarbare mai ƙarancin magana. Kowace safiya, kafin kowa ya sa ƙafa a rijiya, sai ya kunna fitilar ƙwai ga rana ta fito, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta har ƙasa, yana leƙe. In ta dawo tana ci, a shiga. In ta mutu, babu mai shiga. Sai a ɗaura damin ganye a yi ta saukar da shi ana jawowa, wani lokaci har hantsi ya dubi ludayi, sannan a sake gwadawa.

Ni fa tun ina ƙarami ba na iya ganin abu in yi shiru. Ran nan na durƙusa na ce, "Baba heluma, wane irin asiri ne a fitilar nan?"

Ya ce, "Babu asiri. Abin da wutar nan take ci ta rayu, shi kake shaƙa ka rayu. In babu shi a ƙasa, ita za ta fara mutuwa, ka ga ta yi maka magana."

"To aljanin fa?"

"Ni ban ce maka babu aljani ba. Cewa na yi kada ka sauka." Ya ƙara da cewa wanda iska ta ƙare wa ba ya ihu, ba ya fafutuka. Barci ne mai daɗi yake ɗaukarsa, ya zauna ya jingina, shi ke nan.

Maganar nan ta hana ni sukuni. Da na dawo gida na zama kamar wani taɓaɓɓe. In kunna aci-balbal in kifa mata tukunya, in ɗaga, in ga ta mutu. In sake, in sa tsinke a gefe in bar 'yar kafa, in ga tana ci. Matata ta ce, "Malam, man gyaɗan miya ne fa kake ƙonawa a banza. In hauka ne ka faɗa mini tun da wuri." Na ce ta bar ni. A bayan gari akwai wata tsohuwar marina da aka daina aiki a cikinta, ramukanta sun bushe, zurfinsu ya fi tsayin mutum. Na sayo fitilar ƙwai a kasuwar Kazaure na tafi can. Na zura ta, ta dawo tana ci ras. Sai na yi yadda muke yi: kasko, garwashi, hano, zana. Na jira, na buɗe, na zura fitila. Kafin ta kai ƙasa harshen wutar ya lanƙwashe, ya yi ja, ya ɗauke. Washegari na gwada da garwashi tsura babu hano, a wani ramin. Ta mutu. Na zauna a bakin ramin nan, sai na tuna safiyar da Baba ya rasu, kasko biyu aka zura masa saboda an ce rijiyar muguwa ce.

Na sami Yaya a zaure yana tufkar igiya, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya. "Baturen gidanmu! Wata huɗu kawai, har ka fi Baba sanin rijiya? Sau nawa muka yi turaren nan muka shiga muka fito lafiya?"

Na ce waɗancan masu faɗin baki ne, wasu kuma kwana suke yi a buɗe kafin mu shiga.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wato kana nufin kaskon ne ya kashe Baba."

Na ce, "Haka nake nufi, Yaya."

Ya ajiye igiyar, ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Wauta irin tawa, sai daga baya na tuna cewa ranar da Baba ya rasu shi ne ya fifita garwashin, shi ya zura kaskon da hannunsa. Ni ina tsammanin ilimi nake kawo masa. Ashe cewa nake yi ya yarda shi ya kashe ubansa, kuma wa zai yarda da wannan don wata fitila ta mutu a ramin marina?

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Aka aiko daga wani ƙauye kusa da Gwiwa cewa rijiyarsu ɗaya tilo ta cushe da laka. Muka isa da hantsi. Rijiya ce siririya, gaba goma sha biyar, bakinta da ƙyar mutum biyu za su leƙa tare. Mata sun jera tuluna babu komai a ciki, shanun Fulani suna ta kuka a gindin wata tsamiya, mai gari kuwa sai safa da marwa yake yi yana cewa a taimaka, yau kwana huɗu ke nan babu ruwa. Tun da na ga ƙuncin bakin rijiyar na san akwai haɗari.

Na ce a raina yau zan nuna musu da idonsu. Kafin a yi turare na kunna fitila na zura. Ta kai ƙasa ta dawo da wutarta, ko da yake ta ɗan dushe. Na ce, "Kowa ya gani?" Suka ce sun gani. Yaya bai hana ni ba, ya dai hura garwashinsa, ya zura kasko, aka rufe da zana. Da aka buɗe na sake zura fitila, mutane sun yi cincirindo suna leƙe. Tana wuce rabi ta mutu.

Wuri ya ɗau salati. Na buɗe baki zan yi bayani, sai wani tsoho ya riga ni: "Kun gani ko? Mai rijiya ya hure ta! Yana ciki, kuma ransa a ɓace yake. Turaren bai ishe shi ba, a ƙara."

Kai jama'a! Na ce, "Baba, kafin turaren ai tana ci!" Ya ce, "Da farko barci yake yi, ɗana, yanzu ya farka." Kowa ya gyaɗa kai. Abin da na kawo don in hana, shi ya zama hujjar a ƙara. Aka cika kasko na biyu, ya fi na farko girma. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce wallahi duk wanda ya shiga ramin nan yau gawarsa za a fitar. Na roƙi a bari sai gobe, ko a bar ni in fifita da ganye. Mai gari ya nuna mini tulunan nan. Abin da na samu kawai, Yaya ya yarda a bar rijiyar a buɗe mu yi azahar.

Da muka idar ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙo mini kanta. Na ce ba zan riƙe ba. Ya ce a hankali, yadda babu mai ji sai ni, "To ba wani ya riƙe. Shiga dai zan yi." Na dubi baƙin fuskokin da ke wurin, babu wanda na sani. Na karɓa.

Ya sauka yana tsokanata. "Baturen gidanmu, saki mana, ko ita ma sai an gwada ta da fitila?" Muryarsa tana nisa tana ƙara kauri. Na ji ya dira. Na ji saran dagi a laka, tim, tim, tim. Aka jawo kwando ɗaya cike. Aka mayar. Sara ya ci gaba, amma tsakanin wannan da wancan sai ƙara tsawo yake yi. Na kira, "Yaya?" Ya amsa da wani abu da ban fahimta ba, kamar mai magagi. Sara ɗaya. Daga nan tsit.

A nan ne fa, kuma ban taɓa rubuta wannan ba sai yau. Na san abin da shirun nan yake nufi. Heluma ya faɗa mini da bakinsa cewa ba zai girgiza igiya ba. Amma ƙanshin hano yana tasowa daga ramin, ƙanshin da tun ina goye nake ji a rigar Baba, sai na ji wani sashe na zuciyata yana cewa an yi turare ai, har kasko biyu, wataƙila hutawa yake yi, fitila daban mutum daban. Wani sashen kuma yana nuna mini fuskarsa in na jawo shi garau a gaban garin nan. Ni da na cika wuri da ihu, na tsaya riƙe da igiya ina jira ta motsa. Na karanta Fatiha. Na sake. Na sake ta uku. Sannan na kurma ihu na ce a ja.

Ya fito kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi, yana wani irin minshari. Da rai. Muka ɗauko shi a kan amalanke zuwa Roni. Kwana biyu bai farka ba. Da ya farka, ba Yaya ba ne. Idonsa a buɗe, yana haɗiye abin da aka sa masa a baki, amma bai san ɗaurin wando ba, bai san 'ya'yansa ba, ni ma kallona yake yi kamar bango.

Gida ya cika da masu jaje. Kowa maganarsa ɗaya: mai rijiya ya taɓa shi, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Waɗanda suka rako mu daga ƙauyen har yabona suke yi, wai na san girman wana, duk da bakina ban ja igiya da garaje ba, sai da na ga babu makawa. Ina amsawa da amin. Tir da ni, daɗin maganar nan nake ji. In aljani ne, ai ni babu ruwana.

Rana ta huɗu da la'asar, baƙi sun ragu, matar Yaya ta aiko in shigo. Mace ce mai barkwanci, kullum sai ta tsokane ni irin ta ƙanin miji, ta ce na cika surutu kamar kanari. Na same ta zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu, tana ba shi da ludayi tana goge masa haɓa. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Matarka ta nuna mini abin tukunyar nan tun kafin ku tafi. Na yi da hannuna, sau uku. Na roƙe shi ya saurare ka, ya ce ni ma na zama Baturiya." Ta ɗebi kunu ta hura. "Duk garin nan ni kaɗai na yarda da maganarka. Ba aljani ba ne."

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Ka san ba zai girgiza igiyar ba?"

"Na sani."

Sai a sannan ta ɗago ta dube ni. Ba kuka take yi ba, muryarta ma ba ta tashi ba. Ta ce, "To me ka tsaya jira?"

Ta jira ni iya jira, sannan ta juya ta ci gaba da ba shi kunu. Shekara tara ya yi a haka, gida ɗaya muke, ita ke masa wanka ita ke ciyar da shi. Kowace safiya tana gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi kwanan iyalina. Ba ta sake yi mini tambayar ba, ba ta kuma sake tsokanata ba har ya rasu.