Kulɓar da Ta Bar Ƙafafunta a Bakin Rami

Kakata Azumi koko take sayarwa a unguwar Aboabo. Bayan isha'i, in ta ɗora ruwan kokon gobe a wuta, mu jikoki mu zagaye murhu. Ba don son ilimi ba, don ƙanzo.

Wata rana ta jawo ruɓaɓɓen icce, sai ga wata aba ta faɗo, santsi, tsawon tafin hannu, kai da wutsiya kusan ɗaya. Muka watse muna ihun maciji. Ni na rarumo muciya.

"Ajiye, mijin banza," in ji ta. "Da wannan tsoron za ka riƙe ni? Kulɓa ce. Ba ta da dafi, gara take ci. Taɓa ta ka ga ta yar maka da wutsiya ta gudu."

"Kaka, ina ƙafafunta?"

"Zauna. Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya nemi uwarsa."

Wai da can kulɓa uku ne, uwa ɗaya, kowacce da ƙafa huɗu. Shaho ya biyo su, babu mafaka sai ramin gara. Sarauniyar gara ta leƙo ta ce ƙofarta ba ta ɗaukar mai ƙafa, mai son shiga ya ajiye nasa a waje. Babbar ta ce Allah ya kiyaye ta zama abin dariya. Ta tsakiya ta tsaya ciniki, wai a bar mata ko biyu. Autar ta cire duka ta shige. Shaho ya cinye biyun, da ƙafafunsu cif.

"To don me take cin garar da ta cece ta?" na tambaya.

"Haushi mana! An ce maka wanda ya tsira dole ya yi murna?"

Na girma ina tura kura a kasuwa. Makaranta ban yi nisa ba, ƙafata ce jarina. Yanzu ciwon suga ya ci ta dama, ta yi baƙi, tana wari. Likita ya ce ko a yanke ƙasan gwiwa, ko ta tafi da ni gaba ɗaya. Na ƙi. Na yi ta ciniki kamar kulɓar tsakiya: a cire yatsa kawai, a bari in gwada na gargajiya. 'Yan majalisarmu ta hira kuwa, masu ƙafa bibbiyu lafiyayyu, suna ce mini gara mutum ya koma ga Ubangijinsa cikakke. Ba wanda ya zo wanke mini gyambon a cikinsu.

Jiya 'yata Rabi ta zauna bakin gado. "Baba, me zan ce wa likita?"

Na tuna abar nan tana kutsawa cikin ƙasa, ba ƙafa, da ranta.

Na ce, "Ce masa ya yanke. Amma kar kowa ya zo ya ce in yi murna."