Ranar da Aka Kwashe Shagon Ƙanwata

A Sokode nake zaune, a nan kuma tsufa ya same ni, amma kafin ya same ni na taka Kano da Kumasi da Abijan da Jidda, har Marsai ta Faransa na je na sha sanyi na dawo. Duk inda na sauka, abin da nake fara saurara shi ne yadda ɗan kasuwa yake amsa tambayar "yaya ciniki?" Bakano zai jibge kaya har bakin titi, ya ce maka alhamdu lillahi yana leƙen wanda ke bayanka. 'Yar Kumasi ba ta wahalar da bakinta, zinaren wuyanta ya riga ya amsa. Na Marsai kuwa kwali biyu na sabulu gare shi, amma zai ce maka kamfani yake da shi. Mu 'yan Zongon Togo, ko da mutum ya sayar da rabin shagonsa da safe, in ka tambaye shi da rana sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Sai haƙuri." Muna tsoron bakin mutane, muna tsoron dangi masu roƙo, muna tsoron 'yan lampo masu karɓar haraji, kuma ba mu taɓa zama mun tantance wanda ya fi ba mu tsoro ba.

Ina da ƙanwa a Dapaong, mijinta ya rasu da daɗewa. Man gyaɗa take sayarwa da ƙuli-ƙuli, tana sayo gyaɗar daga ƙauyukan Tanjuware. Ɗanta guda ne, yana aiki a Lome, kuma ya kafa mata ƙahon zuƙa a kan ta rufe shagon ta koma wurinsa da zama. Har ɗaki ya gyara mata, ya ce da sallar layya zai zo da mota ya ɗauke ta. Ita kuwa ta taɓa yin mako guda a gidan nasa, ta dawo tana cewa an zaunar da ita gaban talabijin kamar tukunyar ado. Shagon nan shi ne safiyarta, shi ne hirarta. Sai dai masu zuwa daga kudu sarin mai sun fara komawa wurin waɗanda ake aika wa saƙo ta waya a biya su ta waya, ita kuma wayarta irin mai tocila ce, wadda ake ɗaure bayanta da roba.

Ana haka sai aka yi shela a masallacin unguwarmu cewa gwamnati za ta tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa su shiga harkar zamani. Na je taron. Wani saurayi mai kwat ya yi ta bayani da Faransanci, ni kuma ina juya wa na damana da Kotokoli, na haguna da Hausa, har maƙogwarona ya bushe. Abin da na tsinta shi ne za a iya samun babbar waya, da faifan sola na caji, da koyarwa kan karɓar kuɗi da oda ta waya. Amma sai an haɗa dosiye, wato tarin takardun nema, kuma kafin a miƙa shi za a turo ma'aikaci ya ga shagon da idonsa, ya ɗauki bidiyo, a tabbatar sana'ar tana da rai.

Na kira ƙanwata. Da ta ji bayanin, ta ce, "Yaya, in na samu wayar nan, yaron nan zai ƙyale ni?" Na ce aƙalla za ta sami abin da za ta nuna masa. Washegari na hau motar Dapaong.

Takardun ba su ba mu wuya sosai ba. Abin da ya ba mu wuya shi ne bakinta. Na zaunar da ita a tsakar gida na ce mu gwada, ni ne ma'aikacin gwamnati.

"Madam, yaya ciniki?"

"Sai haƙuri, ɗana. Babu komai a kasuwar."

"Ke! In kika ce babu komai, me za su tallafa wa?"

"To me zan ce?"

"Ki ce ciniki yana tafiya."

Ta waiga hagu da dama, alhali daga ni sai akuya a gidan. Ta rage murya ta ce, "Yana ɗan rarrafawa."

"Ba jariri ba ne. Ki ce yana tafiya!"

"Yaya, kai ka je Makka, ka san baki yana kama mutum. Kana so in tsaya gaban na'ura in kira wa kaina tsiya?"

Da ƙyar muka daidaita a kan "alhamdu lillahi, ana samu," da sharaɗin za ta tofa addu'a kafin ta faɗa da bayan ta faɗa. Ta kuma kafa nata sharaɗin: kada kowa a kasuwa ya ji maganar tallafin nan sai ya tabbata. Na ga hankali a cikin maganar, na yarda.

Muka wanke shagon, muka jera jarkokin mai har rufi, ƙuli-ƙuli a manyan kwanuka kamar za a kai gara. Maƙwabciyarta, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Moba mai sayar da gero, ta leƙo ta tambaya ko biki za a yi. Ƙanwata ta ce a'a, ɓeraye ne suka dame ta.

Ranar da aka sa mana, ƙanwata ta koma gida da hantsi don ta sauya zane, ni kuma na tafi bakin kasuwa in tari baƙuwar da gwamnati ta turo. Yarinya ce mai fara'a, ta zo cikin farar mota mai lambar gwamnati, da riga mai tambari a kan kayanta, da kati a wuya, da jaka a hammata. Direbanta ya leƙo ta taga ya ɗaga murya yana tambayar ina shagon hajiya mai man gyaɗa. A daidai nan na ji ana buga cokali a jikin buta, ƙwal-ƙwal-ƙwal, daga rumfar mai shayi, wani Ba'adare da ya daɗe a garin. Na ɗauka kiran masu shayi yake yi. A Sokode tari ake yi in an ga 'yan lampo, ban san a nan buta ake bugawa ba.

Muka taka a hankali, domin kowa ya tare ni da gaisuwa. Wanda ban taɓa gani ba ya riƙe hannuna yana tambayar lafiyar mutanen Sokode ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙauyen Kparatawo. Na ce a raina lallai mutanen Dapaong sun ƙara ladabi. Ashe tsare mu ake yi.

Da muka isa, na tsaya na duba ko na ɓata layi. Shagon wayam. Kwalba ɗaya ce a kan kanta, ita ma rabi, da wani kwano mai ƙuli-ƙuli ƙwaya kaɗan. Har tabarmar kirki an ɗauke, an shimfiɗa wata yagaggiya. Dattijuwa mai gero tana zaune a ƙofa ta rafka tagumi.

Sai ga ƙanwata ta iso cikin leshinta na zuwa biki. Ta kalli shagon, ta kalle ni, ta dafe ƙirji.

"Ina kayana?"

Mai gero ta ƙifta mata ido ta ce da irin Hausarta, "Wane kaya, Hajiya? Kai ba shi da komai. Tun bara kai ba shi da komai." Ta juya ga baƙuwar ta ƙara da Moba cewa matar nan gwauruwa ce, maƙwabta ne suke ciyar da ita, leshin ma aro ne.

Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, na lallaɓa da ɗan Moban da nake ji. Na ce ba lampo ba ce, kyauta gwamnati za ta bayar. Mai shayi ya matso yana goge kofi ya ce, "Alhaji, da girmanka? Gwamnati ta zo da mota ta ba mutum kyauta? Kai dai an yaudare ka a Sokode."

Yarinyar ta ciji leɓe tana danne dariya. Ta ce ita ma uwarta a kasuwa take, ta san wannan aiki. Ta tuɓe rigar tambarin, ta cusa katin a jaka, ta ce to yanzu ita mai saye ce, a ba ta mai kwalba ɗaya. Can sai mai gero ta sa hannu ƙarƙashin buhu ta zaro kwalba ɗaya tak, ta miƙa, ta koma ta rafka tagumin.

"Mama," in ji yarinyar, "ni na yarda kina da kaya. Amma waɗanda za su duba dosiyen bidiyo za su kalla, ba zuciyata ba. Kuma ana jirana a Gando kafin la'asar."

Ƙanwata ta bi maƙwabtan ɗaya-ɗaya tana raɗa musu su fito da kayan. Kowa ya gyaɗa kai ya raɗa mata, "Kada ki damu, ba za mu tona ki ba." Direba ya tayar da mota. Na ga idonta ya kawo ruwa, na san ɗakin nan na Lome take gani da talabijin ɗinsa.

Sai ta tattare leshin, ta taka bencin mai shayi ta hau. Mace mai jikoki.

"Jama'a, ku saurara! Ina da kaya! Jarkokin da ke bayan rumfar shayi nawa ne! Na ƙarƙashin buhunan gero nawa ne! Ciniki yana tafiya! Ba rarrafe yake ba, gudu yake! Har daga Kara ake zuwa sayen maina, har daga Sokode, ga yayana nan ku tambaye shi! Na fi shekara ashirin ina cewa babu, ƙarya nake yi, akwai!"

Mai shayi ya ce, "A'uzu billahi," ya shiga tofa mata addu'a ta ko'ina, har da ƙafafunta. Mai gero ta kama baki ta ce, "Hajiya ya haukace." Amma wanda ya hau benci ya faɗi haka da bakinsa, babu sauran abin da za a rufa masa. Jarkoki suka fara fitowa daga bayan rumfuna, daga ƙarƙashin tebura, ɗaya ma daga cikin masallacin kasuwa. Da suka gane da gaske so ake a ga kaya, sai suka wuce gona da iri: aka ƙaro buhunan gero, da buhun sukarin mai shayi, wani ya jawo rago ya ɗaure a ƙofa. Sai da muka yi ta fitar da abin da ba nata ba.

Yarinyar ta ɗauki bidiyonta. Ashe tun daga hawan benci ta fara ɗauka. Ta ce wancan ba zai shiga dosiye ba, amma ta tura mini a wayata in ajiye. Ni kuma ban ajiye ba, na tura wa ɗan a Lome.

Bayan magariba ya kira, na sa a amsa-kuwwa.

"Inna, duk kayan nan naki ne?"

"Na mutane ne," in ji ta, tun kafin ta yi tunani. Na harare ta. Ta ce, "To, nawa ne."

"Shekara da shekaru in na kira ki, sai ki ce babu ciniki, sai haƙuri. Ni ina nan ba na barci, ina cewa uwata tana zaune cikin rana a banza. Shi ya sa na gyara ɗakin!"

"To kai wa ya ce ka yarda? Gaisuwa ce."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ta zauna a shagonta, ɗakin zai zuba kaya a ciki. Ko tallafin ya fito ko bai fito ba, in ya zo sallah zai koya mata karɓar oda da kansa, kuma abokan aikinsa suna son mai, ta tanadar masa jarka.

Dosiyen yana can an miƙa, har yau muna jiran amsa. Da sallar layya ɗan ya zo da motar kamar yadda ya ce, ya kwana uku, ya koma Lome da jarkokin mai a kujerar baya, uwarsa kuma ta raka shi bakin titi ta dawo ta buɗe shago.