Yadda 'Yar Malam Ta Ƙetare Gulbi

Na ga abubuwa iri-iri a aikin ƙididdiga, yawancinsu sun bi ruwa, amma abin da ya faru da wani dattijo malamin gona a Argungu, har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba.

Lokacin ina aiki da wani shirin tallafa wa manoman shinkafa, ofishinmu a Birnin Kebbi, can wajen Gesse. Ni ce mai zama gaban kwamfuta, a kawo mini amsoshin da aka tattaro daga ƙauyuka in tace su. Shi kuwa dattijon nan, aikinsa yawo a fadama bisa wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Shirin ya kawo sabon irin shinkafa mai jure nutsewa idan gulbi ya yi ambaliya, dattijon aka ɗora wa koya wa manoma. Amma ba kowane ƙauye aka ce ya shiga ba. An ware masa wasu, an bar wasu da gangan, don a ƙarshe a gwada a ga ko zuwansa ya yi amfani.

Duk wata yakan shigo ofis kawo rahoto, ƙafafunsa duk laka, ya ajiye mini ƙullin busasshen kifi a kan tebur. "Ɗiyata, ki ci kifi, wanga akwatin naki ba ya ƙosar da mutum," haka yake ce mini. Ni kuma in ce, "Baba, ranar da babur ɗinka ya tashi da kansa, ni zan yanka rago." Sai ya yi ta dariya har da tari.

Bayan damina uku aka aika masu tambaya, aka yi wa manoma tambayoyi biyu masu sauƙi: malamin gona yana zuwa ƙauyenku ko ba ya zuwa? Kana shuka sabon iri ko ba ka shukawa? Aikina shi ne in gano ko akwai alaƙa tsakanin amsoshin nan biyu. Gwajin da muke yi, kai-sikwaya muke ce masa, kuma ba wani tsafi ba ne. Ka zuba mutane gida huɗu: waɗanda aka je wa suka shuka, waɗanda aka je wa ba su shuka ba, haka ma waɗanda ba a je wa ba. Sai ka tambayi kanka, da a ce zuwan malami da rashin zuwansa duk ɗaya ne, yaya gidajen nan za su cika? Idan abin da ke gabanka ya yi nisa da wancan, ka ce akwai alaƙa. Idan sun yi kama, ka ce ba ka ga alaƙa ba.

Na danna, amsa ta fito: ba alaƙa. Na sake bi, na sake, kamar mai neman allura a tabarma. Babu kuskure. Ƙauyukan da ya sha wahala a kansu suna shuka sabon iri, waɗanda bai taɓa takawa ba su ma suna shukawa, kusan kai ɗaya.

Shugabarmu, wata Hajiya mai kirki amma ba ta wasa da aiki, ta daɗe tana kallon sakamakon. Ta ce masu ba da tallafi sun riga sun gindaya sharaɗi: inda ba a ga bambanci ba, ba za a sabunta aikin malamin gonar wurin ba. A fahimtarsu, irin ya shiga kasuwa ne kawai, da malami da babu malami manoma za su samu. Da aka faɗa wa dattijon, bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To, ashe ban yi komai ba." Ya tura babur ɗinsa har bakin titi, ya hana kowa taya shi. Wallahi ranar nan na tsani kwamfuta.

Ana nan, sai aka yi haihuwa gidan goggona, a wani ƙauye ƙetaren gulbi, bayan Argungu. Ƙauyen yana cikin waɗanda aka hana dattijon shiga. Ranar suna muna tsakar gida ana ta kwasar tuwon shinkafa, na yaba kyan tuwon. Goggo ta ce, "Ai 'Yar Malam ce. Bara ruwa ya hau kanta har muka fidda rai, da ya janye ta miƙe abinta."

Na ce, "Goggo, wane Malam?"

"Oho! Wani mai babur, aka ce. Mu dai ba mu taɓa ganin shi ba."

"To ina kuka samo ta?"

Ta nuna surukarta, wato mai jegon, da baki. "Ga wadda ta kawo ta nan. Ta tafi ganin gida, ta dawo da ita ƙulle a gefen zane. Ke ba ki san ba a hana iri ba? Ko maƙiyinka ya miƙo ƙwarya lokacin shuka, zuba mishi kakai."

Nan take matan wurin suka ɗauka. Wannan ta ce ƙanwarta ce ta aiko mata, waccan ta ce mijinta wajen surukinsa ya roƙo. Kowace ka bi zarenta, sai ya kai ka ɗaya daga ƙauyukan dattijon nan. Mu muna ofis mun ja layi a taswira, mun manta cewa mutanen gulbi auren juna suke yi. Na kasa ƙarasa tuwon, goggo har tana tambaya ko miya ce ba ta yi ba.

Washegari na faɗa ofishin Hajiya ko jakata ban ajiye ba. Ta saurare ni har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa. Ta rubuta wa masu tallafi, ta kira, ta roƙa a bar mu mu koma mu yi tambaya ɗaya tak: wa ya ba ka irin? Suka ce bayani ne mai ban sha'awa, za su kiyaye a shiri na gaba, amma wannan an riga an rufe shi. Aiki dai bai dawo ba.

Na hau mota zuwa Argungu da kaina. Na iske dattijon a gonarsa yana fama da injin ban ruwa. Ya rame, kuma da ya gan ni ko tsokanar akwatina bai yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, aikin kam ban iya dawo maka da shi ba. Amma na zo da magana." Na kwashe duka na faɗa masa, har sunan da suka laƙa wa shinkafar.

Ya ajiye sufana a hankali. "Har can ƙetare? Ƙauyen da sunka ce kar in shiga?"

"Har can, Baba."

"Kuma da ruwa ya hau ta, ta tashi?"

"Ta tashi. Tuwonta na ci."

Ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, ya daɗe a haka. Da ya juyo sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗiyata, yau zan yi barci."

Lissafin nan bai yi ƙarya ba, bambanci ne babu. Amma rashin bambanci fuska biyu gare shi: ko dai abin bai taɓa kowa ba, ko kuwa ya kai ga kowa. Gwaji ba zai faɗa maka wanne ne ba, sai ka tashi daga kujera ka je ka tambayi mutane. Tun daga ranar, ba na barin "ba alaƙa" ta fita daga hannuna sai na san dalili, don na ga mutumin da aka sallama saboda aikinsa ya yi kyau fiye da yadda muka tsara.