Tseren da Ya Cinye Mini Tasha

Shekaru da dama baya, bayan an gama yaƙin basasa, ina da ɗan gareji a Zuru. Tsallaken titi kuma akwai wani bakanike Inyamuri, kullum muna cacar baki kan wa ya fi iya gyara. Da direbobin tasha suka gaji da mu, sai suka ce kowa ya shirya mota, a gwada tsere a miƙaƙƙiyar hanyar Ribah. Wanda motarsa ta ci, garejinsa za su riƙa kai motocinsu. Abincina ke nan aka ɗora a kan hanya.

Na samo wata tsohuwar a-kori-kura, na wanke kafireta, na sa sababbin fulogi, na cire salansa da duk wani ƙarfe mai nauyi. Abokina, wani Badakkare, shi ne direba. Mai ba da izinin tashi kuma wani dattijo ne, tsohon soja, da kowa ya yarda da shi. Zai tsaya a gaban motocin, da ya saki hankici sai a fizga.

Ranar Lahadi bayan an taso coci aka jeru. Hankici ya faɗi, motar Inyamuri ta fice, tamu tana tsaye kamar jakin da ya ƙi kaya. Sai daga baya ta zabura, ta kusa kamo shi, amma ina!

Na rantse kuloci ne. Na roƙi a sake karawa, aka yarda. Na sauke giya, na canja farantin kuloci, na ja wayar totur, har yatsuna suka farfashe. A gwaji, ni ke sakin hankici, kuma wallahi kafin ya taɓa ƙasa abokina ya ɓace. Na ce shi ke nan, na kama cutar.

Ranar karo na biyu na shiga gaba na zauna kusa da shi. Dattijo ya ɗaga hannu. Ina waiwayawa, sai na ga abokina ya sunkuyar da kai yana kallon sitiyari.

Na ce, "Kai, ɗago mana! Hankicin yana can!"

Ya ce, "Haba, aboki. Dattijon nan surukina ne fa. Golmo nake yi masa, ta yaya zan zura masa ido?"

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da zai aura. Na san yana yi, har gonar na taɓa raka shi, amma ko kusa ban kawo abin a raina ba. Ashe ƙarar waccan motar yake jira kafin ya saki kuloci. Ina cikin yi masa ihu aka saki hankici. Aka sake cinye mu.

Direbobi suka koma tsallake, ni kuma na koma gyaran babur da injin niƙa.

Tun daga ranar, in aka kawo mini gyara, sai na fara duba mai tuƙin kafin in buɗe inji. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ranar ɗaurin auren abokin nawa. Dattijon nan ya kama hannuna a gaban jama'a, ya ce, "Ɗana, abokinka akwai tarbiyya. A ranar tseren nan na tabbatar zan ba shi 'yata."

Na ce, "Madalla, Baba." Me zan ce?