Babur ɗin Malamin Gona

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Gombe ban zo da iyali ba. Yara suna tsakiyar karatu a Azare, uwargida kuma tana jinyar mahaifiyarta, sai muka yanke shawarar in fara zuwa in ga kamun ludayin garin. Na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Jekadafari. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma kowa da abin da ya dame shi. Gaisuwa ce take haɗa mu a bakin famfo da safe, daga nan kowa ya kama gabansa.

Wani abokin aiki ne ya ce mini akwai babur na sayarwa a Barunde. Da na gan shi sai da na yi dariya. Tsohon yayi ne, irin wanda malamanmu suke hawa muna firamare: ɗan siriri, ja ne a da amma rana ta cinye fentin, injinsa bai fi ƙwaryar fura girma ba. Sai an gauraya masa fetur da baƙin mai kafin a zuba a tanki. Mai shi malamin gona ne, mutumin ƙasar Tangale, ya rasu a daminar da ta wuce. Ɗansa ne ya turo shi daga ɗakin ajiya, ya goge fulogi, ya buga kik, sai ya tashi da wata 'yar ƙara siririya kamar keken ɗinki, yana fitar da shuɗin hayaƙi. Matar marigayin tana tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba har na fita da shi.

Ba ya gudu ko kaɗan. 'Yan acaɓa sukan wuce ni fuu, wani ya waiwayo ya ce, "Baba, a kai shi gidan tarihi mana!" Ni kuwa hakan ya yi mini daidai, don babu mai jirana a ko'ina. In na tashi daga aiki ba na son komawa ɗakin nan, sai in yi ta zaga gari har a kira magariba.

Ban daɗe ba na lura ana ɗaga mini hannu. Mai faci a bakin kasuwa, masu sayar da taki, wata mata mai ƙosai, kowa da ya ji ƙarar sai ya juyo da fara'a. In na matso suka ga fuskata, sai hannun ya sauka a hankali. Wasu su ce, "Af, yi haƙuri, na ɗauka wani ne." Wasu su tsayar da ni su tambayi mai babur ɗin, ni kuma in gaya musu. Na san gaisuwar ba tawa ba ce, amma a garin da babu wanda ya san ni, ina jin daɗinta.

Nakan bi ta layin su marigayin in na fito yawo, don babu cunkoso. Wata ranar da yamma na tarar da matarsa a ƙofar gida, ta yafito ni. Na yi murna, na zaci za ta ce in shigo in sha ruwa.

"Sannu da gida, Mama."

"Yauwa, Malam. Ya aiki? Babur ɗin yana dai yi maka aiki ko?"

"Lafiya lau, Mama. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Ta murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Wata alfarma nake roƙo. In ba zan takura maka ba, ka riƙa bi ta layin baya. Duk ranar da ka wuce sai in miƙe in ɗora ruwan wanka. Sai na kai bakin murhu nake tunawa."

Na ce to, ta yi haƙuri. Ban tayar da babur ɗin a gabanta ba. Tura shi na yi har ƙarshen layin, kuma ban sake bi ta nan ba.

Daga nan na koma fita bayan gari ranar Asabar. Hanyar Kwadon nake bi, ina raɓe a gefen titi, manyan motoci suna wuce ni iskarsu tana kaɗa ni. Wata Asabar ina shiga garin, kusa da inda ake jibge buhunan albasa, sai na ji an ɗaga murya daga gindin wata bishiyar maina.

"Malamin gona! Yau kuma wuce ni za ka yi?"

Wani tsoho ne Bafulatani a kan tabarma, sanda a gefensa. Da na tsaya na yi sallama na ga idanunsa sun yi fari fat, ba ya gani. Ya karkata kai yana sauraron muryata.

"Wannan ba muryarsa ba ce. Aro ya ba ka?"

Na durƙusa na ce, "Baffa, saya na yi. Allah ya yi masa rasuwa tun bara."

Can ya ce, "Shi ya sa. Na ce ko fushi ya yi." Ya matsa ya ba ni wuri a tabarmar. Ya ce tun yana da shanu da idanu suka saba. Malamin gona ne ya koya masa noman rani bayan cuta ta kashe masa garke, kuma ko bayan da ya bar aiki bai daina zuwa ba. "Shi da cocinsa, ni da masallacina, amma in lokacin salla ya yi shi ne yake miƙo mini buta."

Na riƙa zuwa duk Asabar, ina kai masa goro. Ba zan ce mun yi abota ba. Bai taɓa tambayar daga ina nake ba, ko ina da iyali. Hirar malamin gona kawai yake yi, ni kuma in saurara. Wani lokacin yakan ce in tayar da babur ɗin in bar shi yana aiki, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan tankin yana saurare. In na tashi tafiya yakan ce, "Ka bi da shi a hankali, ba ya son garaje."

Da damina ta kankama na yi makonni ban je ba, saboda ruwa yana shiga fulogin babur ɗin ya mutu a hanya. Ranar da na koma babu tabarma a gindin mainar. Wata mata mai sayar da tumatir ta ce 'yarsa ta zo ta ɗauke shi, sun tafi can wajen Biu inda take aure, don babu mai kula da shi a nan. Na tambaye ta ko ya bar wani saƙo.

"Saƙon me fa? Kai ɗan'uwansa ne?"

Na ce a'a. Na miƙa mata goron, ta karɓa tana kallona da mamaki.

Na juyo gida a hankali. Hadari ya haɗo ta gabas, ga la'asar ta yi, sai na tsaya a wani ƙaramin masallaci a bakin hanya. Na tarar an riga an idar, mutane suna saka takalma suna hanzarin tafiya kafin ruwa ya sauko. Na shigar da babur ɗin ƙarƙashin rumfar kwano, na yi alwala, na yi sallata ni kaɗai. Ina cikin raka'ar ƙarshe ruwan ya tsinke. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran ya ɗauke.