Tafin Hannun da ke Kan Ƙofar Zaurenmu

Zauren gidanmu da ke unguwar Liman Abaji ya girmi mahaifinmu, kuma tun rasuwar tsohon ni nake fama da shi. Ginin ƙasa ne, rufin azara, da zane a goshinsa. Duk shekara kafin damina sai an yi masa yaɓe, don ruwan Keffi ba ya raga wa ƙasa. Muna da al'ada a gidan: idan an gama yaɓe, wanda ke riƙe da gida zai danna tafin hannunsa a ɗanyar ƙasa a saman ƙofa. Kakanmu ya danna, babanmu ya danna, ni ma na yi ta dannawa har furfura ta cim mini.

A da gayya ake yi. Yanzu idan na kira samarin unguwa, wannan ya ce yana da lacca, wancan ya ce zai bi motar Abuja. A shekarar da nake magana bangon gabas ya tsage har ana hango masu wucewa, ga ciwon baya ya sa ni gaba. Na san idan damina ta same shi a haka, ya tafi ke nan.

Sai 'yar ƙanena, wadda ke karatu a jami'ar garin nan, ta zo da wayarta.

"Baffa, ka tsaya a bakin zaure ka ba da tarihinsa, in ɗauka in ɗora. Wallahi za ka ga mutane."

Na ce mata ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, kuma ban taɓa ganin wayar da ta kwaɓa ƙasa ba.

Ba ta yi musu ba, sai ta nufi ubanta. Ƙanen nan nawa ma'aikaci ne a Abuja, sai ƙarshen mako yake leƙo mu cikin farar shadda, kuma rabonsa da taɓa laka tun muna yara. Shi ne ya taɓa ba ni shawara mu rushe zauren mu jera shaguna. Shi ɗin ne ya gyara hula, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba da labarin fataken da ke sauka a zauren, da al'adar tafin hannu. Duk a bakina ya ji su. Har inda nakan yi shiru in girgiza kai, sai da ya yi.

Bidiyon ya zaga gari. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar ƙabilar Eggon, ta tare ni a hanyar kasuwa tana nuna mini waya. "Malam, ashe ƙanenka ya san tarihi haka? Har hawaye na yi fa." Na ce mata Allah ya ƙara basira, na wuce. Abin da na ji kishi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Ranar yaɓe unguwa ta cika. Ɗalibai, samarin unguwar Yara, 'yan matan coci da bokitan ruwa, har wani Bafulatani ya kawo mana ciyawa a bayan babur. Da suka iso suka ce, "Ina Baban zaure?" Na miƙe. Wani mai kunnen ƙashi ya ce, "A'a, Baba, na cikin bidiyo muke nufi."

Gaskiya sun yi aiki. Na nuna musu yadda ake tattaka ƙasa da ciyawa, da yadda ake cusa ta a tsaga, suka ɗauka nan da nan. Amma duk sanda aka ɗaga waya, wajen ƙanena take juyawa, yana riƙe da curin ƙasa nesa da rigarsa kamar an ba shi jaririn wani.

Da la'asar aka gama. Yara suka kafa tsani suna ihu, "Baban zaure! Baban zaure!" Ƙanena ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Yaya, naka ne, hau."

Na ce, "Haba, kai suke kira. Je ka."

A gidanmu babba ba ya karɓar abu a tayin farko. Sai an sake, an roƙa, sannan ya karɓa kamar dole aka yi masa. Na tsaya ina jiran ya sake, har na fara share hannuna a wando. Abuja ta mantar da shi. Ya ce, "To, Yaya," ya tattare riga ya hau.

Kuma bai iya ba. Ya danna da ƙarfi har wurin ya lotsa kamar ƙoƙo. Ina gani na san ruwa zai kwanta a ciki, ya ci bango daga nan. Na kwana biyu ina cewa a raina, bari damina ta wanke shi, kowa ya huta. Amma idan ta wanke shi, da goshin zauren za ta tafi.

Don haka na jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa ratsa ƙasa, na jingina tsani da kaina duk da bayan nan nawa. Babu waya, babu mai kallo. Na bi yatsun ƙanena ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, a hankali, kada ko guda ya gutsure.